Yadda Ake Yawon Ɗaukar Hoto na Rabin Yini da Ɗan Jagora a Luang Prabang

Masu karatu da dama, musamman ɗalibanmu da ke Maleshiya da 'yan kasuwar da ke kai-komo tsakanin Sin da Tailan, sun yi ta tambayar yadda ake shirya ɗan gajeren yawon ɗaukar hoto a Luang Prabang ta ƙasar Laos. Wasu kwana biyu kacal suke da shi, wasu ma waya ce kawai a hannunsu, ba babbar kyamara ba. Duk yana yiwuwa. Garin ƙarami ne, tsohon ɓangarensa wani ɗan siririn tsiri ne tsakanin kogin Mekong da kogin Nam Khan, ana iya taka shi da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan. Yawon da zan bayyana na awa huɗu ne zuwa biyar, daga asuba zuwa hantsi. Abin da ke sa ya yi albarka shi ne a gama magana da ɗan jagora tun kafin ranar, a kuma taƙaita wuraren zuwa.

1. Takardar izinin shiga da hanyar isa

Da wannan za ka fara, kafin ka biya kowa ko sisi. Laos tana ba 'yan ƙasashe da yawa biza a filin jirgi, amma masu fasfon Najeriya, Nijar, Gana da Kamaru suna cikin waɗanda ake buƙatar su nemo tasu tun kafin su taso. Je ofishin jakadancin Laos na ƙasar da kake zaune, ka ji takardun da suke so da tsawon lokacin da za su ɗauka. Fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata shida.

Gargaɗi: kada ka yanki tikiti don wani abokinka Bature ko ɗan Maleshiya ya ce maka shi a filin jirgi aka buga masa. Dokarsa daban, taka daban.

Ana shiga Luang Prabang ta jirgin sama daga Bankok ko Hanoi, kuma filin jirgin bai fi kilomita huɗu daga tsakiyar gari ba. Akwai kuma jirgin ƙasan Laos da Sin da aka buɗe a Disamban 2021. Daga Vientiane, babban birnin ƙasar, tafiyar kusan awa biyu ce. Tashar tana wajen gari, sai ka hau mota. Nemi masauki a cikin tsohon gari, kusa da titin Sisavangvong ko titin Sakkaline, don da asuba ka fito da ƙafa kawai.

2. Zaɓen wata da rana

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi: babu ruwa, safiya da sanyi, kuma sau da yawa hazo yakan kwanta a kan Mekong har rana ta ɗaga. A lokacin ne kuma baƙi suka fi yawa, don haka kama ɗan jagora da wuri.

Maris da Afrilu lokacin ƙona gonaki ne. Hayaƙi yakan rufe duwatsu kamar ƙurar hunturu a Kano, sararin sama ya yi fari fat, hoton nesa ya mutu. Idan hoton kogi da duwatsu ya kawo ka, kauce wa waɗannan watanni. A tsakiyar Afrilu kuma ana bikin sabuwar shekararsu, Pi Mai, inda ake watsa wa duk wanda ya gifta ruwa. Wanda ya je a lokacin sai ya sa kyamararsa cikin leda mai kauri. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce, gari ya yi kore shar, baƙi su ragu, amma sai ka amince da ɗan jagora tun farko a kan abin da za a yi in ruwa ya sauko.

Kada ka sa yawon a safiyar farko bayan isarka. Agogon Laos yana gaban na Najeriya da awa shida, kuma za ka tashi wajen ƙarfe huɗu da rabi. Sa shi a safiya ta biyu. Da yammacin ranar farko ka taka titunan da kanka, idonka ya saba.

3. Samun ɗan jagora da ɗaure magana

Nan ne mutane suka fi yin asara. 'Yan jagora iri biyu ne. Akwai ɗan rakiyar baƙi na yau da kullum, wanda ya san labarin kowane wurin ibada amma bai damu da inda haske ke faɗowa ba. Akwai kuma mai ɗaukar hoto da ke jagora, wanda zai ce maka tsaya nan, rage tsawo, jira minti biyu rana ta haye rufin can. Na biyun kake nema. Kafin ka biya, ce ya turo maka hotunan da ya ɗauka da hannunsa a wuraren da zai kai ka. In ya yi ta kewaye-kewaye, ka san amsar.

Ana samunsu ta masauki, ta ofisoshin yawon buɗe ido da suka yi layi a titin Sisavangvong, ko ta intanet. Mutanen Laos suna amfani da WhatsApp sosai, don haka a rubuce za ku yi komai. Tambaye shi:

Mutum nawa ne a tafiyar? In sun wuce huɗu, ba zai samu lokacin duba kyamararka ba.
Ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a gama, kuma ina za ku haɗu?
Kuɗin shiga wurare da na tuk-tuk, wato keke napep ɗinsu, suna cikin farashin ko kai za ka biya?
Koya maka zai yi, ko shi zai ɗauke ka hoto? Ayyuka biyu ne daban. In shi zai ɗauke ka, hoto nawa zai ba ka, gyararru ko ɗanyu, kuma yaushe?
Yana jin Turanci sosai?

Batun kuɗi: tafiyar rukuni da ɗan rakiya ta fi araha nesa ba kusa ba, 'yan gomomin daloli ne. Ƙwararren mai hoto da zai keɓe maka safiyarsa kai kaɗai yana iya kaiwa dala 100 ko fiye. Kuɗin shiga wurare kaɗan ne, kowanne bai wuce dala ɗaya zuwa uku ba, kuma da kuɗin ƙasar, kip, ake biya. Dala ɗaya ta haura kip 20,000, takarda mafi girma kuma ta 100,000 ce, don haka yi canji ka riƙe ƙananan takardu. Masu canji sukan ƙi karɓar dala mai yage ko datti.

Gargaɗi: kada ka biya duka tun kafin ranar. Ba da kafin alƙalami, sauran bayan an gama.

Akwai maganar da ya kamata Musulmi ya faɗa a wannan matakin. Yawancin masu shirya yawon asuba sukan haɗa da tabarma da kwandon shinkafa don baƙo ya zauna ya ba sufayen addinin Buddha sadaka da hannunsa. Wannan ibadarsu ce, ba dole ba ne ka shiga. Rubuta masa cewa kallo da hoto kawai za ka yi, kada ya saya maka shinkafa. Ba za su ji haushi ba. Hasali ma mutanen garin sun fi son wanda ba mabiyin addinin ba ya tsaya daga gefe cikin natsuwa. Faɗa masa kuma ba ka cin naman alade, don galibi ana tsayawa karin kumallo a hanya.

4. Kayan aiki: a haɗa su da daddare

Ɗauki kaɗan. Wanda ya ratayo jaka mai kilo goma, kafin ya kai kan dutse ya gaji da hoton.

Mai babbar kyamara yana buƙatar ido, wato gilashin da ake ɗaura wa gaban kyamara, guda biyu: ɗaya mai buɗewa sosai don duhun asuba, kamar 35mm ko 50mm mai f/1.8, ɗaya kuma mai jawo nesa, kamar 70-200mm, don ɗaukar sufaye ba tare da an matse su ba. In ɗaya kawai za ka ɗauka, ɗauki mai jawo nesan. Ƙara batir guda, katin mimori wanda ka share, da ƙyallen goge gilashi, saboda raɓar safiya takan sa ido ya yi gumi. Ƙafar kyamara ba ta da amfani a wannan yawon, sai dai ta tare wa mutane hanya.

Mai waya: cika caji, ɗauki fawa banki, share wuri a ciki, goge idon wayar. Shiga saiti ka kashe filasha gaba ɗaya, ba a bar ta a kan mai kunna kanta ba, ka kuma kashe ƙarar ɗauka.

Soket ɗinsu ba irin namu na Najeriya mai baki uku masu kusurwa ba ne, don haka taho da adafta. Jirgin hoto marar matuƙi kuwa, kada ka tashe shi ba tare da izinin hukuma ba.

Sutura: abin da zai rufe kafaɗa da gwiwa, maza da mata. Kaftani ko doguwar riga da hijabi sun wadatar, babu mai kallonka. Sa takalmin da ake cirewa da sauri, don za ka cire shi a ƙofar kowane ɗakin ibada. A Disamba da Janairu ɗauki rigar sanyi.

Yi sallar asuba a masauki kafin ka fito. A can alƙibla tana yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa, don haka duba ta tun da daddare. Ka kuma gaya wa mai masauki za ka fita da wuri, kada ka tarar da ƙofa a kulle.

5. Asuba: jerin sufaye masu karɓar sadaka

Wannan shi ne zuciyar yawon, kuma shi ne wurin da baƙi suka fi ɓata wa mutanen gari rai. Kowace safiya, tsakanin ƙarfe biyar da rabi zuwa shida da rabi gwargwadon lokacin shekara, sufaye da ƙananan almajiransu suna fitowa daga wuraren ibada a layi ɗaya, ba takalmi, cikin mayafi ruwan goro, kowa da tasarsa a rataye. Mutanen unguwa suna durƙushe a gefen titi da ƙananan kwandunan shinkafa mai danƙo. Tsohuwa za ta gutsuro ɗan dunƙule da yatsu uku, sufi ya ɗaga murfin tasa, ta jefa, ya rufe, ya wuce. Ba mai cewa uffan. Suna kiran abin tak bat.

Ku isa minti ashirin kafin a fara. Titin Sakkaline, musamman gaban wurin ibadar Wat Sene, shi ne inda layin ya fi tsawo, amma nan ne motocin baƙi ke sauke mutane. Ɗan jagora na ƙwarai zai kai ka wani lungu na baya inda 'yan unguwa ne kawai. Sufayen ba su kai na babban titi yawa ba, amma hoton ya fi gaskiya, kuma a ganina ya fi kyau. Idan ya tambaye ka wanne kake so, zaɓi lungun.

Tsaya a ɗaya gefen titin, aƙalla taku biyar zuwa shida daga layin. Durƙusa ko ka zauna a bakin dakali. A al'adarsu ba a ɗaga kai sama da na sufi a wannan lokaci, kuma hoto daga ƙasa ya fi fitar da layin. Nemi wuri da ke da farin bango ko fitilar titi a baya, ka saita, ka jira su shigo cikin hoton. Kada ka bi su.

Saitin kyamara: buɗe ido iyakarsa, f/1.8 ko f/2.8, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, tsakanin 1600 da 3200, ko sama in duhu ya yi yawa, saurin ɗauka kada ya gaza 1/125 na daƙiƙa, don suna tafiya da hanzari fiye da yadda ake zato. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki ya fi hoton da ya girgiza. Minti goma na ƙarshe, lokacin da gari ya fara wayewa ya yi shuɗi-shuɗi, su ne suka fi ba da launi. Rage ISO a hankali. Mai waya kada ya dogara da yanayin dare, domin yana buƙatar abu ya tsaya cak, sufaye kuma ba sa tsayawa. Jingina gwiwar hannu a kan gwiwarka, ka danna ɗauka a jere.

Gargaɗi, kuma babba: babu filasha ko sau ɗaya. Kada ka ratsa layi, kada ka tsaya gabansa, kada ka kai kyamara kusa da fuskar yaro almajiri. 'Yar'uwa, kula kada jikinki ko mayafinki ya taɓa sufi, an hana su taɓa mace. Masu tallan shinkafa za su nufo ka da kwando suna miƙo maka. Girgiza kai da murmushi ya isa. Mu da muka san zafin a ce wani ya zo yana haska mana fitila muna tsakiyar sahu, bai kamata a tuna mana wannan ba.

6. Kasuwar safe

Da an watse, ku nufi kasuwar safe da ke lungunan kusa da tsohuwar fadar sarki. Hanyar ƙunci ce, mata sun shimfiɗa kaya a ƙasa a kan ganyen ayaba: kifin Mekong, barkono, ganyaye, naman kaza na daji, kwaɗi, ƙwari. Mayar da ƙaramin ido, rataya jaka ta gaba.

Gaisuwa ita ce sabaidi, godiya kuma khop chai. Gaida mai kaya, nuna kyamara, ka jira ta ɗaga kai. In ta kau da fuska ko ta ɗaga hannu, wuce. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka sayi ayaba ko 'yar wainar kwakwa da ake toyawa a wurin, sannan ka nemi hoto. Bar ɗan jagora ya yi hira da ita, kai kuma ka ɗauki hannayenta suna ƙulla ganye ko suna ƙirga canji. Hannaye sukan ba da labari fiye da fuskar da ta san ana ɗaukarta. Nuna mata hoton in ka gama.

Gargaɗi: kada ka tsaya tsakiyar hanya kana saiti, mutane cefane suka zo. Yara kuma sai da yardar iyaye, kuma ba a ba su kuɗi ko alewa don hoto.

Minti arba'in sun isa. In za ku karya, miyar taliyar garin, khao soi, da naman alade ake yinta. Burodi irin na Faransa da ƙwai, 'ya'yan itace da kofi sun fi kwanciyar hankali.

7. Wat Xieng Thong

Daga kasuwa ku hau tuk-tuk ko ku taka zuwa ƙarshen tsirin. An gina wannan wurin ibada wajen 1560, kuma rufinsa mai hawa-hawa yana saukowa har ya kusa taɓa ƙasa. Don rufin ya fito, koma kusurwa ka ɗauke shi a karkace, ba daga gaba kai tsaye ba. Sannan zagaya bayan babban ginin, inda aka yi hoton bishiya da gutsattsarin gilashi masu launi a kan jan bango. Gilashin yana mayar da haske, don haka matsa hagu ko dama har ƙyallin ya bar idon kyamara. Rage haske kaɗan, in ba haka ba ruwan zinaren zai wanke.

Cire takalmi da hula a ƙofa. A ciki kada ka miƙe ƙafa ta fuskanci mutum-mutumin Buddha, kada ka juya masa baya don ɗaukar kanka. In ba ka son shiga, ba ka rasa komai ba, mafi kyawun hotunan a farfajiya suke. Kafin ku tafi, sauka matakalar da ta gangara Mekong, ka ɗauki dogayen jiragen ruwa in hazo bai gama tashi ba.

8. Dutsen Phousi, ko gadar gora

Zaɓi ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce sai an haɗa duka, a ƙare da gudu.

Phousi yana tsakiyar gari, tsayinsa kusan mita 100, matakalarsa ta haura 300. Daga sama ana ganin kogunan biyu da rufin gidaje. Kowa da faɗuwar rana yake hawa, har a rasa wurin tsayawa. Da safe kuwa kusan kai kaɗai ne. Ku hau ta gefen fada, ku sauka ta gefen Nam Khan don kada ku maimaita hanya. Za ka ga masu sayar da tsuntsaye a ƙananan keji don a saya a saka. Kada ka saya, cinikin ne ke sa a ci gaba da kama su.

Wanda gwiwa ke damu, ya nufi gadar gora da aka saba ɗaurawa a kan Nam Khan da rani, a cire ta kafin ruwa ya cika, in ya tarar an ɗaura ta. Ana biyan ɗan kuɗi kaɗan a bakinta. Tsaya a gaɓa daga sama ka jira wani ya hau.

Tsohuwar fadar, wadda aka gina a 1904 kuma yanzu gidan tarihi ce, an hana hoto a cikinta, har jaka da kyamara ake ajiyewa a waje. Bar ta zuwa wani lokacin. Haka ma magangarar ruwan Kuang Si: kusan kilomita 30 ce daga gari, zuwa da dawowa kawai za su cinye awa biyu. Yawo ne mai zaman kansa, kada ka yarda a cusa maka shi cikin wannan safiyar.

9. Zama da ɗan jagora kafin ku rabu

Ware minti ashirin na ƙarshe, wajen ƙarfe tara da rabi zuwa goma, lokacin da rana ta yi ƙarfi har hoto ya fara bushewa. Ku zauna wurin shan kofi a bakin kogi, ka miƙa masa kyamara ya duba. Ce ya zaɓi biyar mafi kyau da biyar mafi rauni, ya faɗa maka dalili. Mutane da yawa sukan tsallake wannan don gajiya, alhali a nan ne kuɗinsu ke fita. Tambaye shi kuma inda za ka tsaya kai kaɗai da yamma, da lokacin da ya fi dacewa da kasuwar dare ta titin Sisavangvong, wadda ake fara shimfiɗawa wajen ƙarfe biyar. Hotonta ya fi kyau kafin duhu ya rufe, lokacin da fitilu suka kama amma sama na da sauran haske.

Biya shi cikon kuɗinsa, da ɗan ihsani in ya kyautata. In shi ya ɗauke ka hotuna, ku tsayar da ranar turowa a rubuce, ka ce ya turo ta imel ko a matsayin fayil, domin WhatsApp yana rage ingancin hoto in an tura shi kai tsaye. Da ka koma masauki, kwafe komai zuwa kwamfuta ko ma'ajiyar intanet, kuma kada ka share katin sai ka buɗe kwafin ka tabbatar yana aiki. Duk wanda ka yi wa alkawarin hotonsa a kasuwa, tura wa ɗan jagoran ya kai masa.